Na ce wa Inna ciwon ne ke fita

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a bari in kai aya kafin a zage ni, don ni ma zagin kaina nake yi.

Ni ɗan Lafagu ne, ina ɗauko kaya a babur daga tsallaken iyakar Benin. Innata ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa. Wata ranar kasuwa can tsallake, wani mai tallan magani a faranti ya miƙo min ƙwayoyi, rubutun kwalin duk Faransanci, ya ce, "Wanga ko gurgu ya sha sai ya tashi." Maƙaryacin banza, Allah ya isa! Ni kuma sakarai na karɓa, ko kalma ɗaya ban gane ba.

Na kai mata ta fara sha. Bayan mako guda zazzaɓi ya rufe ta, jiki ya yi tsami, ƙuraje suka feso. Ta ce, "Anya ba maganin ga naka ba ne?" Kun san me na ce? Abin da muke faɗa idan ƙyanda ta feso wa yaro: "Ciwon ne ke fita, Inna, ki ƙara." Da hannuna na ƙara mata biyu. Wane irin jaki ne ni? Kwana uku leɓɓanta suka farfashe, idanu suka manne, fatar bayanta tana saluɓewa kamar an watsa mata tafasasshen ruwa.

A asibiti a Birnin Kebbi likita ta tsare ni da ido: "Me ta sha? Dole mu san sunansa, don idan ta sake sha da wuya ta rayu." Yayyena suna tsaye. Na ce ban sani ba. Kwalin kuwa tun a hanya na wurga shi kogin Kwara. Kunya ta fi min ran uwata, ku ji lalacewa!

Ta tashi, amma idon hagu ya tafi. Abin da ke ƙona min rai, har yau ta yarda da maganata. Jiya ta kira ni tana murza gwiwa, ta ce, "Ashe gaskiyarka, wancan karon ciwon ya fita. Ga shi ya dawo. Ka sawo min irin ƙwayar, in ba ka da hali in aiki maƙwabcinmu, na riƙe launin kwalin."

Jibi kasuwar ke ci. Jama'a, da wane baki zan gaya mata ni na tsiyaye mata ido? Me zan yi kafin jibi?