Laifin Gansakuka

Yaya Remedios,

Ina gaisuwa daga Portland. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, ruwan sama ne kawai ba ya hutawa.

Allah ya haɗa ni da uwar ɗaki mai ilimi, Madam Halvorsen, ina kula mata da lambu. Kallo ɗaya ta yi wa itacen cerinta, mai 'ya'ya ƙanana jajaye, ta gano cutarsa, wai gansakukar da ta fito a rassa. Kwana uku ina kankarewa. Na ce, "Madam, gansakuka ba ta cin itace." Ta ce, "Efrain, ni na karanta, kai fa?"

Ciwon yana gindi. Ɓawon ya yanke kusan zagaye, ƙaro na zuba. Mijinta ne ke yi masa aski da injin yankan ciyawa duk Asabar. Jiya ya ja ni gefe ya ce, "Abokina, ci gaba da kankarewa, ka ji?"

Madam ta ce in itacen bai yi fure a Afrilu ba, in nemi wani gida. Kada Inna ta ji. Ki aiko min da barkono, na nan wasa ne. Allah ya tsare ku.

Ke mai shekara ashirin a ɗakin miji, aikina zan ceta ko aurensu?

Ƙaninki,
Efrain