Wanda Ke Tsaye Gindin Gawon Inna

Zuwa ga Yayana Mamman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ce ƙanwarka Rabi. Wata bakwai ke nan da rasuwarka, sai makon jiya na iya buɗe baƙar jakarka.

Komi yana nan yadda ka bari: kyamara, ƙafa ukun da kake ɗora ta a kai, kwamfutar da ka sayo a Yamai, da doguwar wayar da ke haɗa su.

Na tuna yadda kake tashi daga koyarwa a makarantar lise ranar Juma'a, alli bai fita daga hannunka ba, ka hau babur ka bar Filinge zuwa ƙauyenmu, wai fitilun gari suna ɓata maka taurari. Kai ka koya mini: ƙaramin kan waya a gefen kyamara, babban a kwamfuta, in jira sama ta fito a allo, daga nan kada in ƙara taɓa kyamarar. Kakan ce, "Sakan talatin take buɗe ido, Rabi. Mai tafiya ba ya fitowa, sai wanda ya tsaya cak."

Ran Asabar na kai kayan gonar Inna, bayan gida. An cire hatsi, fili fetal. Bayan isha'i na saita kyamara wajen taurarin Kaza da 'Ya'yanta, daidai saman itacen gawon nan, na latsa.

Taurari sun fito tar, har na yi ƙwalla. Sai na lura da ƙasan hoton. Mutum ne tsaye gindin gawo, ya ɗaga kai sama.

Na haska tocila. Ba kowa, sai kututturen kara.

Na cire wayar, na hura bakinta, na mayar, yadda kake yi in ta ƙi kamawa. Na sake ɗauka. Yana nan, amma ya baro gawon. A hoto na uku ya daina kallon sama. Jakunan maƙwabta da ke ta kuka suka yi tsit. Na bar komi a gona na ruga gida.

Yaya, ba zan ɓoye maka ba, duk da tsoron da na ji, na kwana ina fatan kai ne.

Da safe na kwaso kayan na nuna ma Inna. Ta daɗe tana duban allon, kana ta ce, "Mamman bai kai wannan tsawo ba." Ta ɗauki ƙwaryar nono ta nufi gawon don ta zuba ma iskoki, abin nan da kuka sha yin gardama a kai, kana ce mata ta bari.

Ni kuwa na buɗe tsofaffin hotunanka, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Yana cikinsu, Yaya. A na farko ɗan ɗigo ne can bakin dutse. Wata bayan wata yana matsowa. A na ƙarshe, wanda ka ɗauka kwana uku kafin zazzaɓin ya kwantar da kai, ya rufe rabin taurarin.

Ka gan shi. Ba yadda za a yi a ce ba ka gan shi ba. Ka ci gaba da zuwa kai kaɗai, kana dawowa kana yi mana dariya, kana cin tuwon Inna. Mi ya hana ka gaya mini? Da na raka ka, ko in riƙe maka ƙafa in hana ka fita.

Inna ta karɓe doguwar wayar kyamarar, ban tambaye ta inda ta kai ta ba. Na koma Filinge. Ina sallar magariba nake rufe ƙofa, kuma na roƙi Inna ta dawo wurina, ta ce ba za ta bar gonar ba kowa ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa babu abin da ya bi ka can. Mu da muka rage, Ya tsare mu daga abin da muke gani da wanda ba mu gani. Amin.

Ƙanwarka mai kewarka,
Rabi