Lemun Tsami a Kan Lambar Isufu

Cadawa, daren Laraba, ƙarshen damina

Yau da safe na iske Inna bayan rumbu riƙe da damtsen ƙanena Isufu, tana goga mashi lemun tsami inda aka tsaga mashi lambar rigakafin agana jiya, don kada ta kumbura. Shi kuwa, duk da karatun bokon da ya yi a lakol, ya miƙa mata hannu.

Na ce, "Inna, cutar nan ta game ƙasa. In lambar ba ta tashi ba, ba za a bar shi ya tafi Dakar karatu ba."

Ta ce, "In sallami ɗana da gyambo a hannu? Wa zai wanke mashi a can, kai?"

Tun farkon damina nake taka keke zuwa Maraɗi saboda tafiyar nan, gwiwoyina har yanzu zugi suke.

Isufu ya roƙe ni in rufa asiri, wai ƙila lambar ta tashi hakanan. Don gajiya na so in yarda. Sai dai ba ni kaɗai na gani ba. Hajo, matar mutumin da ya tsaga mashi lambar, tana tsaye bakin danga da tulunta, har ta yi mana sannu da aiki.