An Sauya Firoksi Ba a Gaya Mana Ba

Zuwa ga Malama shugabar sashen kula da haɗakar kwamfutocin bincike a jami'a,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan aiki da sauƙi.

Ni mai gyaran waya ne a titin Koudoukou, nan unguwar Kilomita Biyar. Ban taka jami'a ba. Karatuna a kan allon waya na koye shi, haka ma sarrafa kwamfuta. Ku kuka ba ni izinin aiki a injinanku, albarkacin wani malami da ya tsaya mini, domin in zana taswirar lungunan da ruwa ke kwanciya a unguwarmu. Yanzu kun aiko mini cewa ƙarshen wata za ku rufe mini shiga, wai ayyukana sun cika faɗuwa. Haba Malama! To ga yadda aka yi.

Na ɗaya: injinanku ba sa fita intanet kai tsaye, sai ta firoksi, wato injin da ke tsaye a ƙofa yana karɓo musu abin da suka nema. Na saita adireshinsa yadda takardarku ta bayanin aiki ta nuna, hotunan tauraron ɗan'adam suna sauka lafiya lau.

Na biyu: kuka sauya adireshin da lambar ƙofar, kuka sanar da masu imel na jami'a kaɗai. Ni wa ya ba ni irinsa? Mako uku ina tura aiki yana mutuwa. Na zargi layina, na zargi wutar garin nan, har na zargi kaina da jahilci. Ashe tsohuwar ƙofa nake ta bugawa!

Na uku: da wani ɗalibi ya kawo gyaran wayarsa ya nuna mini sabon adireshin, na saka a injin da nake shiga, duk da haka shiru. Sai daga baya na gane cewa aikin a wasu injina yake gudana, kuma ba sa gadon saitin, dole a rubuta shi cikin kowane aiki. Wannan babu shi a takardarku ko layi ɗaya.

Wallahi ban zo cin mutunci ba. Na ji ku biyu ne rak a kan injina masu yawa, ga ɗaukewar wuta, ga kowa da ƙorafinsa. Da ni ne, da tuni na jefar da makullin. Na san mantuwa ce, ba raini ba.

Amma damina ba ta jira. Dattawan kartiye, wato unguwarmu, sun ce in kawo taswirar su san magudanar da za a fara yashewa. Bara ruwa har gadon mahaifiyata ya hau.

Roƙona: ku bar mini shiga, ku gyara takardar, kuma duk sanarwa ta riƙa isa ga kowa, mai jami'a da mai rumfa. In hannu ya yi muku kaɗan, ni zan rubuta bayanin da Faransanci da Sango, yaren garin nan, tunda na riga na sha wuyarsa.

Allah ya ƙara miki haƙuri da mu, ya sa albarka a aikinki.

Wassalam.

Sallau, mai gyaran waya, Kilomita Biyar