Tukunya Biyu a Gidan Matiyu

Litinin, 5 ga Agusta, 2024

Jemima ta sake dawo min da kwano, naman yana ciki. Ta ci tuwon da kuɓewa ɗanya da ta yanka da kanta. 'Yata ɗaya tilo, mu biyu muka rage a gidan nan tun da babanta Matiyu ya rasu a watan Afrilu, kuma ba ta cin abin da na dafa. Na gaji da tambaya.

Alhamis, 8 ga Agusta

Ashe abin har suna gare shi. Wai bigan. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, har zuma ma wai a'a. Na ce mata a ƙauyenmu mun yi shekaru ba mu ga nama ba sai Kirsimeti, babu wanda ya raɗa mana suna, talauci kawai ake cewa. Ta yi dariya kaɗan. Rabon da in ji dariyarta har na manta.

Abin da ban faɗa mata ba shi ne, haka babanta ya fara. Ciwon ƙoda ya hana shi ci, kwano ya riƙa dawowa cike, ni kuma ina ɗauka ina kaiwa kicin kamar ba komai. Yanzu in na ga kwano ya dawo sai in tuna da shi.

Lahadi, 18 ga Agusta

Bayan coci Rebeka ta zumuntar mata ta ja ni gefe. Wai in sa ido, masu ƙin nama irin haka wani lokaci ƙungiyar asiri suka shiga, in kai ta wajen Fasto. Na ce yarinyar da ke cikin mawaƙan coci? Ta ce ai su ne ma. Na ce na gode, na taho. Ruwa ya dake ni tun daga coci har unguwarmu Majidaɗi.

Talata, 20 ga Agusta

Na samu dabara. Na dafa miyar kuka da romon ƙashi da ɗan busasshen kifi da na daka, sannan na tsame ƙasusuwan tsaf na ajiye gefe. Babu tsoka ko ɗaya a ciki. Ta ci har ta ƙara. Na zauna ina kallonta kamar ranar da ta fara cin tuwo da hannunta.

Juma'a, 23 ga Agusta

Ta tsinci ƙayar kifi a miya.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ajiye ƙayar a bakin faranti ta ce, "Mama, kin ce babu." Na ce ai babu nama, romo ne kawai, romo kuma ruwa ne. Allah ya sani haka na ɗauka, wanda ba ya cin nama a cire masa naman, haka muke yi wa kowa. Ta ce, "Ruwan me, Mama?" Ta wanke hannu ta shiga ɗaki.

Asabar, 31 ga Agusta

Ta sayo ƙaramar tukunya da risho. Tana dafa nata a baranda in ta dawo daga shagon maganin da take aiki a Abbare. Mutum biyu, tukunya biyu. Ni ma na daina dafa abin kirki, wa zan dafa wa? Na jiƙa gari na sha.

Laraba, 4 ga Satumba

Ciwon baya. Ban fita ba.

Juma'a, 6 ga Satumba

Hamna mai nono ta zo. Ita ce ke kawo wa Matiyu kindirmo duk safiya, har yanzu ƙafarta ba ta daina biyowa ta ƙofarmu ba. Na ba ta labari. Ta sauke ƙwarya ta riƙe baki. "Maman Jemima, nama na yarda, mu ma shanunmu ba mu cika yankawa ba, kowace da sunanta. Amma kosam, nononmu? Nono me ya yi mata?" Jemima na jin mu daga baranda, ta ce nonon na ɗan maraƙi ne, ana ɗaure shi gefe a tatse uwarsa. Hamna ta ce, "Ke yarinya, ɗan maraƙina ya fi ki ƙiba!" Har Jemima sai da ta dara. Na sayi kindirmon don kada ta koma da shi, na kasa sha, ya yi tsami a ƙwarya.

Lahadi, 15 ga Satumba

Abokanta biyu sun zo, masu ci irin nata ne. Patricia, nas ce, tana zaune a Yelwa, da wani George mai aikin gona da gwamnati. Na zauna bakin ƙofa ina tsince shinkafa, na tambaye su kai tsaye me ya hana su cin abin da Allah ya halatta.

Patricia ta ce ita hawan jini ne a gidansu, ya ɗauke uwarta da yayarta, tana ganin masu shi kullum a wurin aiki, ta tsorata. Ta ce amma akwai ƙwayar maganin da dole mai irin wannan ci ya riƙa sha, ita ke kawo wa Jemima. George ya yi dogon bayani a kan ƙasa da ruwa da dazukan da ake sarewa, rabinsa da Turanci, ban kama duka ba. Ya ce kuma wake ya fi sauƙin samu. Wannan na gane.

Jemima ba ta faɗi nata dalilin ba. Da za su tafi na ji Patricia tana ce mata ɗakin nan na Yelwa yana nan in ta shirya.

Litinin, 16 ga Satumba

In ta koma Yelwa, shi ke nan. Na share ɗakin Matiyu, na sake sharewa, ba don yana da datti ba.

Asabar, 28 ga Satumba

Yau ta faɗa min, ban ma tambaya ba. Muna shanya kaya ne.

Akuyar babanta ce. Baƙar nan mai farin goshi da ke bin sa har bakin titi. Ranar jana'iza baffanta Peter ya ce a yanka ta a ciyar da masu zaman makoki, dabbar mamaci ita ake fara yankawa, haka ake yi a gidansu. Ni ina ɗaki cikin mata, ban san komai ba. Ashe akuyar ta ƙi kamuwa ga kowa, sai aka ce a kira Jemima tunda ta san muryarta. Ta kira, akuyar ta zo da gudu ta sa kai a zaninta.

Ta ce, "Mama, ni na kira ta, ta zo." Ta ce tun ranar in ta ga nama abin da take gani ke nan. Sauran, nono da ƙwai, daga baya ne da ta yi ta karatu a waya ta ga yadda ake yi da dabbobi.

Ni na ci naman nan ranar. An kawo min na ci loma biyu don a bar ni.

Na faɗa mata nawa, maganar kwanon babanta da ke dawowa cike. Ta ce, "Ni ba ciwo nake ba, Mama. Yunwa ma nake ji kullum, girkina babu daɗi." Muka tsaya riƙe da zanen gado, ita can ni nan, kowa na kuka. Maƙwabciya ta leƙo ta koma.

Talata, 1 ga Oktoba

Na yi miyar gyaɗa da zogale, daddawa da yawa, manja, attarugu. Na soya awara na zuba a kai. Na kira ta tun kafin in ɗora, na jera mata komai a tire ta gani da idonta. Ta ɗauki dunƙulen magi ta karanta bayan takardar ta ajiye gefe, wai da kaza a ciki. Na ji haushi amma na dafa ba shi. Ta ci. Kaɗan, tana juya cokali tana dubawa. Ban ga laifinta ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Kasuwa. Abdulsalam mahauci ya hango ni ya ɗaga murya, "Maman Jemima, kin yi ƙaura ne? Ga ƙashin miyarki na ajiye!" Na ce wani lokaci. Na wuce wajen masu waken suya, wata mata a cikinsu ta koya min yadda ake tsinka awara da ruwan tsami, ta ce tawa za ta fi laushi in na rage wuta.

Da yamma na yi dambun zogale da ƙuli-ƙuli da tuwon masara. Jemima ta dawo a gajiye, ta wanke hannu ta zauna a tabarma ta ja kwano. Ba ta tambayi abin da na sa ba. Sai da ta cinye na lura. Ta shiga kicin na ji tana kankare ƙanzo.

Maganar Yelwa ba ta sake tasowa ba, ni ma ban tayar ba.

Ni dai ban daina cin nama ba, kada wani ya ce. Ban saya ba ne kawai. Gobe zan jiƙa waken da wuri.