Mai Gadin Kwamfutar Inna

Zuwa ga ƙanena, Injiniya Mudassir, a Kaduna.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kana lafiya, ya aiki ya mutanen Kaduna.

Na rubuto ne in yi maka jinjina. Kuɗin makarantarka bai faɗi ƙasa banza ba. Kwana kaɗan ka yi mana a hutun Sallah, amma ka bar aikin da har gobe ake zancensa a ƙauye. Kwamfutar da ka ce ka yi wa sabon ɗaki don ta ƙara gudu, lallai ta yi gudu, don yanzu ko Inna ba ta iya cim mata.

Ka san yadda take a da. Inna ta idar da la'asar, ta sakaya ƙofa, ta kunna, hotunanmu su fito a jere, ta danna na Baba, Allah ya jiƙansa, sai ga muryarsa da ka ɗauka a daminarsa ta ƙarshe, yana ba da labarin gonar fadama yana tari yana dariya. Yanzu in an kunna ba hoto ba fuska, sai wani ɗan akwati fari da ya buɗe baki yana jira a rubuta masa suna. Inna ba ta gaya wa kowa ba. Matata Aina'u ce ta lura ta lulluɓe kwamfutar da zane ta tura ƙarƙashin gado, kuma tuwon dare yana dawowa yadda aka kai shi. Da na matsa wa Inna sai ta ce, "Ai an ɗauke shi."

Na nuna wa wani mai gyaran waya a kasuwar Ɗanbatta. Ya ce ciwo kaɗan ne, zai wanke ta tas ya zuba mata sabon kai. Na ce ya jira Lahadi mai zuwa. Takarda na aiko ta hannun Sama'ilu direba, don na san halin wayarka, sabis ɗinta yana ɗaukewa ne daidai lokacin da aka zo kan magana.

Ka huta lafiya. Yayanka, Nababa.

*

Zuwa ga Yaya Nababa.

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna, ina gaida Anti Aina'u da yara.

Yaya, don girman Allah kada ka bari mutumin nan ya taɓa kwamfutar. Wankewar da yake nufi goge komai ne, kuma muryar Baba ba ta ko'ina sai ciki. Babu abin da ya ɓata. Na saka wani tsari mara nauyi ne mai suna Xfce, shi kuma ya zo da nasa shafin shiga, LightDM. Ana cikin sakawa na'urar ta tambayi wanne zai riƙa tarbar mutum, tsohon ko sabon, na zaɓi sabon. Shi ba ya jera hotuna, shi ke nan bambancin.

Mafita mai sauƙi ce. Inna ta rubuta muhammadusani a akwatin, da ƙananan baƙaƙe, a haɗe, ta danna babban madannin nan na dama. Ka zana mata a kwali ta riƙa kwaikwaya. A ganina ba sai an dawo da tsohon shafin ba, ya tsufa kuma yana cin wuta.

Naka mai biyayya, Mudassir.

*

Mudassir,

Bayan gaisuwa, wadda ban so yi ba.

Na karanta takardarka a kan buhun gyaɗa, sai da mai awo ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Wato matar da tun ranar da aka kawo ta gidan nan bakinta bai taɓa furta sunan mijinta ba, wadda in baƙo mai suna Sani ya yi sallama sai ta ce a shigo da mai sunan Malam, ita za ka sa ta zauna tana tsinke sunan da yatsa, baƙi bayan baƙi, kamar mai tsintar tsakuwa a wake? A wane gida aka yi maka goyo?

Duk da haka na gwada, kada ka ce ban bi likita ba. Na zana a kwalin sabulu na kai mata. Ta tambayi me aka rubuta, na faɗa. Ta kife kwalin, ta ce in fita.

Na ce to in riƙa buɗe mata da kaina. Nan ma ta ƙi, kuma da gaskiyarta. Yaushe za ta zauna sauraren mijinta ɗanta na fari yana tsaye a kanta? Kuma ni rabin mako ina Ɗanbatta ko Bichi, sai ta jira ranar da ba kasuwa kafin ta ji shi?

Ni ɗan kasuwa ne, Mudassir. In mutum ya fiye yabon sabon buhu, nakan zura hannu in ji abin da ke ƙasa. Kai da kanka ka ce an tambaye ka, ka zaɓa. Wanda ya gina sabon ɗaki a cikin gida ba ya korar mai gadin zaure sai in akwai wanda ba ya so a gani. Ban san ko waye ba, ban kuma damu ba. Ka dawo mana da tsohon mai gadi, wanda ya san Inna. In Sama'ilu ya dawo hannu rabbana, ranar Lahadi kwamfuta tana teburin mai gyara, alhakin kuma a wuyanka.

Nababa.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ka ba Inna haƙuri, wallahi ban yi tunanin sunan ba.

Ka shiga da sunana, lambar sirrin tana bayan takardar nan. Ka buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, ka rubuta wannan daidai yadda yake:

sudo dpkg-reconfigure gdm3

Zai sake neman lambar sirri. Ba za ka ga tana fitowa ba, ka ci gaba da bugawa. Sai allo ya kawo sunaye biyu. Ka sauka kan gdm3, shi ne tsohon shafin, ka danna babban madannin, ka kashe ka kunna. Hotuna za su dawo.

Alfarma ɗaya nake roƙo. Kunnawar farko ka yi ta kai kaɗai, ka kira ni kafin Inna ta gani. Akwai ɗan abin da nake so in gyara.

Ƙanenka, Mudassir.

*

Zuwa ga Injiniya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Aiki ya yi kyau. Sau biyu ina kuskuren ɗan karan nan na tsakiya, a na uku ta karɓa.

Alfarmarka ce ban samu yi ba, sabis ya ɗauke. Inna kuma tana bayana da carbi tun da na fara, ba wanda zai ce mata ta fita daga ɗakinta. Hotuna suka fito. Ta ga Baba da farar hularsa, ta kai yatsa za ta danna, sai ta tsaya. A da mu uku ne a jere. Yanzu ga ta huɗu a gefen Baba, da jan mayafi, tana murmushi, an rubuta Zulaihatu a ƙasa. Inna ta ƙura ido ta ce, "Wannan ba 'yar gidan Malam Basiru mai rake ba ce, da ta yi ta zuwa aron turmi da Sallah?" Na ce ita ce. Ta ce in ja mata ƙofa.

Daga tsakar gida muka jiyo tarin Baba da dariyarsa. Da daddare ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Yau da safe ta ce in sanar da kai cewa yarinyar da ta riga ta zauna kusa da Malam ba a korar ta da madanni. Ta sa in tayo goro ranar Lahadi, mai kyau, ɗan Shagamu.

Saura abu ɗaya, tun da kai ne gwanin zaɓe in an tambaye ka: mu je gidan Malam Basiru da sunanka, ko shi ma akwati za ka bar masa ya rubuta da kansa?

Ka huta lafiya. Yayanka, Nababa.