Hawan Tudu da Shugabar Makaranta

Minna, Asabar da dare, 12 ga Oktoba, 1968

Ƙafafuna sun kumbura. Shugabar makarantarmu, Baturiya 'yar yankin Wales, ta ce tudun bayan Chanchaga kamar na garinsu yake, ciyawa zalla, babu kowa. Na bi ta hawan tudun ne kawai don in roƙi izinin zuwa Bida, inda Inna ke kwance.

A hanya wata tsohuwa mai itace a kafaɗa ta ce, "'Yata, me ya ɓace muku a can sama?"

"Ba komai, Iya."

"To, Allah ya sawwaƙe."

Da muka kai ƙololuwa na buɗe baki, sai shugaba ta ɗaga hannu. Wai a kan tudu ba a zancen aiki, iska ake saurare. Na saurara kuwa. Iska dai ba ta sa hannu a takarda. Inna za ta jira Litinin.